Shin Jiki Abin Hawa Ne Kawai, Ko Yana Cikin Abin da Muke Kira "Ni"?

Ɗalibin Falsafa:
Assalamu alaikum iyayena da malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman izini in ajiye wata mas'ala a gabanku, wadda ta daɗe tana wahalar da masana falsafa, Musulminsu da waɗanda ba Musulmi ba. Idan mutum ya buɗe baki ya ce "ni", shin gangar jikinsa tana cikin abin da yake nufi, ko kuwa jiki abin hawa ne da aka ara masa na ɗan lokaci?

Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya kawo wani misali a babin rai na littafinsa Asshifa'u. Ya ce mu ƙaddara an halicci mutum lokaci guda, cikakke da hankalinsa, yana shawagi a cikin iska, an rufe masa gani, an kuma ware gaɓoɓinsa ta yadda hannu ba ya taɓa cinya, yatsa ba ya taɓa ɗan'uwansa, ko iskar da ke ɗauke da shi ba ya jin ta. Shin wannan mutum zai san akwai shi? Ibn Sina ya ce zai sani ba tare da kokwanto ba, alhali bai san yana da hannu ko ƙafa ko ƙwaƙwalwa ba. Tun da ya tabbatar da kansa bai tabbatar da jiki ba, to shi daban, jikinsa daban. Bayan shekara kusan 600, a 1641, Dekart, masanin falsafa na Faransa, ya biyo wata hanya a wani littafinsa ya iso wuri guda, inda ya ce yana iya shakkar ko yana da jiki, domin mai mafarki ma yana ganin kansa da jiki, amma ba ya iya shakkar cewa yana tunani. Ni dai hujjar ta gamsar da ni cewa mutum na haƙiƙa shi ne mai sani da tunani, jiki kuwa kayan aikinsa ne. Ina son in ji inda ta gaza, idan ta gaza.

Malamin Zaure:
Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, mas'alarka ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen uwa, wanda ya rayu tsakanin 1804 da 1864, ya karanta ilimin hikima ya kuma yi rubutu a kansa, saboda haka kada wani ya ɗauka a jami'a aka fara wannan magana. Sai dai mu san iyakarmu. Haƙiƙanin ruhi yana daga al'amarin Ubangiji kamar yadda Suratul Isra'i ta faɗa, abin da muke iya tattaunawa shi ne alaƙarsa da jiki.

Kana da rabin gaskiya, kuma Imam Gazali yana tare da kai a wannan rabin. A cikin Ihya'u, inda ya yi sharhin abubuwan mamaki na zuciya, ya raba tsakanin tsokar da ke hagun ƙirji, wadda dabba ma tana da ita, da wani abu mai laushi na Ubangiji wanda shi ne mai sani, shi ake yi wa magana, shi ake tuhuma. Ya kira jiki abin hawansa, gaɓoɓi kuma rundunarsa. To amma shi wannan Gazalin, a Tahafutul Falasifa, cikin mas'aloli 20 da ya ja da masana falsafa a kansu, 3 kawai ya ce sun kai kafirci, ɗaya daga cikinsu kuwa ita ce musun tashin jikkuna ranar alƙiyama. Ka tambayi kanka abin da ya sa malamin da ya kira jiki abin hawa ya tsananta haka a kan dawowarsa. Suratu Yasin ta ce za a rufe bakuna, hannaye su yi magana, ƙafafu su yi shaida. Suratu Fussilat ta ambaci shaidar ji da gani da fatu. Suratul Ƙiyama ta sauko har kan 'yan yatsu. Abin da za a tashe shi tare da kai, ya ba da shaida, ya ɗanɗani ni'ima ko azaba tare da kai, da wuya a ce aronsa kawai aka ba ka.

Ɗalibin Falsafa:
Allah ya gafarta Malam, a fahimtata ayar Fussilat ni take taimako. Mutanen suna juyawa ga fatunsu suna tambayarsu don me suka yi shaida a kansu. Ke nan akwai mai tambaya, akwai kuma wanda ake tambaya. Da su ne fatun, da ba su fuskance su kamar yadda ake fuskantar wani daban ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ina gaida malamai. Ni aikina a ɗakin majinyata yake, kuma abin da nake gani a can yana sa ni shakkar mutumin nan na Ibn Sina tun daga tushe. Ƙanena, ka rufe idonka yanzu, ka ɗaga hannunka sama, ka ware yatsunka. Ba ka ganinsa, ba ya taɓa komai, amma ka san inda yake, ka san ko gwiwar hannun a miƙe take ko a lanƙwashe. Akwai jijiyoyi a cikin tsoka da mahaɗar ƙasusuwa waɗanda aikinsu ke nan dare da rana, akwai kuma wani sashe can cikin kunne da ke sanar da kai ko a tsaye kake ko a karkace. Ga numfashi, ga bugun zuciya, ga yunwa da ƙishirwa. Rufe ido da ware yatsu ba ya kashe ko ɗaya daga cikinsu. Idan kuma aka ce a ƙaddara an cire su duka, to babu wanda ya taɓa shiga wannan hali ya dawo ya ba da labari, mu kuwa da muke ƙaddara shi muna yi ne da ƙoshi a cikinmu da tabarma a ƙarƙashinmu.

Na ga dattijon da aka yanke wa ƙafa saboda ciwon suga, cikin dare ya miƙa hannu zai sosa babban yatsan da ba ya nan, hannun ya sauka a kan zanen gado. Ya san sarai an yanke ƙafar, amma ƙaiƙayin na gaske ne. Na kuma ga mai shanyewar ɓarin jiki da ya dubi hannunsa na hagu ya ce a ɗauke masa hannun nan na wani da aka ajiye masa a gado. Na farkon yana jin kansa a inda babu nama, na biyun ga naman amma ya daina jin kansa a ciki. Abin da na ɗauka daga su biyun shi ne, yadda mutum yake jin kansa yana da siffar jiki, yana da dama da hagu, yana da tsawo da iyaka, ko da ya saɓa wa naman da ido ke gani.

Malamin Jami'a:
Hajiya ta taɓo misalin, ni kuma zan taɓo ginin hujjar. Rashin sanin cewa abu biyu ɗaya ne ba ya mai da su biyu. Yaro yana iya tsayawa a bakin hanya ranar hawa, ya san mahaifinsa sarai, amma bai gane mahayin da ya ja amawali ya rufe fuska ba, wannan kuwa bai hana mahayin zama mahaifin nasa ba. Haka mutumin da ke shawagi yana iya sanin kansa bai san jiki ba, alhali abin da ya sani ɗin jiki ne ta wata fuska. Wani malamin Faransa mai suna Arno ya yi wa Dekart suka mai kama da wannan tun a shekarar da littafin ya fito. Shi ma Ibn Sina faɗakarwa ya kira misalin nasa, wato hanyar jawo hankalin mai karatu ga abin da yake ganin yana nan a cikinsa, hujjojinsa na cewa rai ba jiki ba ne kuwa a wani wuri ya kawo su.

Suka mafi ƙarfi daga wajen mace ta zo. A 1643 gimbiya Elizabet ta Bohemiya, tana da shekara 24, ta rubuta wa Dekart tana tambaya: abin da ba shi da tsawo ba shi da faɗi, ba ya kuma taɓuwa, ta yaya yake tura hannu ya ɗaga? Dekart ya kasance yana ganin wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ne mazaunin rai, amma wannan ya matsar da tambayar ne zuwa wuri mafi ƙanƙanta, bai amsa ta ba. A amsarsa gare ta ya ce haɗuwar rai da jiki an fi gane ta ta hanyar ji da zaman yau da kullum, ba ta zurfafa tunani ba. A littafin nasa ma ya rubuta cewa zamansa a jiki ba irin zaman matuƙi a jirgin ruwa ba ne, domin matuƙi ganin ɓarnar jirgi yake yi da ido, shi kuwa idan an ji wa jikinsa ciwo zafi yake ji.

Akwai kuma abin da ɗalibinmu ya tsallake. Ibn Sina bai yarda rai ya riga jiki samuwa ba, bai kuma yarda rai yana ƙaura daga jiki zuwa jiki ba. A wurinsa rai yana samuwa ne tare da jikin da ya dace da shi, kuma wannan alaƙar ce ta fara bambanta ranka da nawa. Ya gaji wani abu daga Aristo, masanin falsafa na Girka, wanda ya ce tambayar ko rai da jiki ɗaya ne kamar tambayar ko kakin zuma da siffar da aka buga a kansa ɗaya ne. Don haka ko mai misalin bai ɗauki jiki abin aro ba.

Ɗalibin Likitanci:
Da izinin malamai, ni ina ganin maganar ta fi haka sauƙi, domin mutum ƙwaƙwalwarsa ne. A 1848 a Amurka, wani shugaban masu fasa dutse a aikin layin dogo, Finiyas Geji, sandar ƙarfe ta shige shi ta kuncin hagu ta fita ta saman kai. Ya rayu shekara kusan 12 bayan haka, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya canza har abokansa suna cewa ba shi ba ne. A ɗakin tiyata kuma allurar barci tana ɗauke mutum gaba ɗaya, ya farka bai san sa'o'i sun wuce ba. A yanke ƙafa mutum yana nan, a taɓa ƙwaƙwalwa ya zama wani.

Malamin Jami'a:
Labarin Geji yana da ci gaba da ba a cika faɗa ba. Daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken doki na fasinja a ƙasar Cile, aikin da ke buƙatar haƙuri da iya zama da mutane, don haka canjin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Sannan dogarar tunani ga ƙwaƙwalwa ba ta isa ta nuna cewa su abu ɗaya ne ba, mabiyin Gazali zai ce maka kayan aiki ne ya lalace. Abin da ya fi damuna da ra'ayinka, ɗana, shi ne ka dawo da Dekart ta bayan gida. Ka sake sanya wani ɗan mahayi a cikin ƙoƙon kai, sauran jiki ya koma dokinsa. Ƙwaƙwalwar da babu jini, babu ido, babu hannu, babu hanji da ke aika mata saƙo, ba ta taɓa zama kowa ba.

Maɗinkin Riguna:
Ranku ya daɗe, ni sana'ata ɗinkin hannu ne a babbar riga, kuma ina so in ba da shaida kan abin da na sani. Idan ina aikin aska a gaban riga, ba na lissafa inda allura za ta shiga, ina iya hira da baƙo yatsuna suna tafiya. Ranar da yaron da nake koya wa ya ce in bayyana masa yadda nake juya zaren a kwana, sai da na ɗauki allura na yi a hankali ina kallon hannuna, sannan na iya faɗa masa. Ke nan hannun ya riga bakin sani. Haka nake gani ga alarammomi masu rubuta Alƙur'ani da ka, alƙalami yana gudu a kan takarda kamar ya san hanya. Idan aka ce ilimina yana wani wuri daban, hannuna kuwa bawansa ne, to ni ban ga wannan ilimin ba sai a hannun. Ba banza Bahaushe ya ce jiki ya fi kunne ji ba.

Malamin Jami'a:
Abin da Malam maɗinki ya faɗa shi ne kusan ginshiƙin littafin da Marlo-Ponti na Faransa ya fitar a 1945. Ya kawo misalin makaho da sandarsa, cewa makahon da ya saba ba sandar yake ji a tafin hannunsa ba, ƙasa yake ji a bakin sandar, wato sandar ta shiga cikin jikin da yake sanin duniya da shi. Duk wanda ya lura da yadda makaho ke ratsa cunkoson Tsohuwar Kasuwa ya ga wannan. A wurinsa jiki ba abu ne da nake kallo cikin sauran abubuwa ba, daga cikinsa nake kallon komai.

Lauya:
Ina so in shigo ta ƙofar hakki da alhaki. Jon Lok na Ingila, a bugu na biyu na littafinsa a 1694, ya ce a ƙaddara ran wani ɗan sarki, da duk abin da yake tunawa, ya koma jikin baduku. A ganinsa wanda ke cikin jikin badukun ɗan sarkin ne, kuma abin da ɗan sarki ya aikata za a tambaye shi, domin sani da tunawa ne ke ɗinke jiya da yau su zama mutum ɗaya. Maganar tana da daɗin ji, amma a kai ta gidajenmu a gwada. Kusan kowace zuriya tana da tsohuwar da tsufa ya ci ƙarfin tunaninta, ba ta gane 'ya'yanta, tana kiran jikarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Alƙur'ani ya ambaci wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. A ma'aunin Lok zaren ya tsinke. A shari'a kuwa an ɗauke mata alƙalami, amma ba a ɗauke mata komai nata ba. Gidanta nata ne, tana cin gado, biyayya gare ta tana nan a wuyan 'ya'yanta. Me ya riƙe mata wannan matsayi? Wannan jikin ne da ya ɗauki ciki ya shayar, wanda ke zaune a gabansu da rai a cikinsa. Kotu ma da fuska da zanen yatsu take tabbatar da wanda ke gabanta, ba ta jiran ya tuna.

Ɗalibin Falsafa:
Na ji wannan, amma ga wata hujja daga littafin da kowannenmu ya fara da shi. Ahalari ya jero halaye 7 na sallar farilla: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sannan kwanciya a dama, a hagu, da rigingine. Jiki yana raguwa mataki-mataki, salla ba ta faɗuwa. Amma da zarar hankali ya gushe, an ɗauke ta. Ashe ke nan wanda ake yi wa umarni shi ne mai hankalin, ba jikin ba.

Malamin Zaure:
Ɗana, ka sake duba jerin nan da ka kawo. Da jiki ba komai ba ne, da malamai sun ce wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zuci ya huta. Ba su ce haka ba. Sun bi jiki suna neman abin da ya rage masa, daga tsayuwa zuwa jingina, zuwa zama, zuwa kwanciya, har zuwa ishara da kai, domin bauta tana son rabonta daga gare shi ko yaya ya ƙanƙanta. Hankali sharaɗi ne na ɗora hukunci, wannan gaskiya ne, amma sharaɗin abu daban yake da abin gaba ɗaya.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya bi wata hanya a Kitabur Ruh. Ya ce ruhi shi kansa jiki ne mai laushi, na haske, wanda ke gudana a cikin gaɓoɓi kamar ruwa a furen wardi, ko mai a zaitun, ko wuta a gawayi. Ya kuma ce alaƙarsa da gangar jiki iri 5 ce: a cikin mahaifa, bayan haihuwa, a barci, a barzahu, da ranar tashi, ta ƙarshen kuwa ita ce mafi cika. Ka lura ko a barzahu bai ce alaƙar ta yanke ɗungurungum ba. Shi ya sa mai wankan gawa yake rufe al'aurar mamaci, yake juya shi a hankali, yake farawa da dama. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Game da fatun da ka ce ana yi musu magana kamar wani daban, ai mutum yana zargin zuciyarsa, yana yi wa ransa faɗa, ba wanda ya ce don haka ransa ba shi ba ne.

Ma'aikaciyar Jinya:
Akwai ɓangaren da ba mu taɓa ba, wato jiki kamar yadda wasu ke ganinsa. A nan Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma tun 1999, cutar da ke cin naman kunci da leɓe da hanci, wadda sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Yaron da ya tsira daga ita hankalinsa lafiya lau, tunaninsa bai ragu ba. Amma yana girma yana rufe fuska da mayafi, yana cin abinci a ɓoye, sau da yawa ba ya zuwa makaranta, magana ma tana yi masa wuya. Duk wanda ya ce wa wannan yaro fuskarsa kayan aiki ce kawai, shi na haƙiƙa yana ciki lafiya, ya faɗi abin da zai iya zama lallashi, amma bai faɗi dukkan gaskiya ba. Halinsa da ƙarfin zuciyarsa da abin da yake ganin ya cancanta duk sun ginu a kan yadda idanun mutane suka karɓe shi. Likitocin da ke gyara fuskar nan ba nama kaɗai suke ɗinkewa ba.

Ɗalibin Falsafa:
Yaya, wannan ya shige ni ƙwarai. Saura tambaya guda. Naman jariri ba shi ne naman dattijo ba, yawancin ƙwayoyin jiki suna mutuwa ana maye gurbinsu, yanzu kuma ana dashen ƙoda daga wani zuwa wani. Idan jiki yana cikin abin da nake kira "ni", wane jikin, na yaushe?

Malamin Zaure:
Masana falsafa sun yi wa tashin jikkuna irin wannan tambaya tun da daɗewa, har suka kawo misalin wanda ya ci naman wani. A mas'alar ƙarshe ta Tahafutu, Gazali ya amsa musu cewa sassan jiki suna sauyawa daga ƙuruciya zuwa tsufa mutum yana nan shi ne, don haka ko da waɗannan sassan aka mayar masa ko da wasu, mutumin ne ya dawo. Wannan amsa tana ba ka wani abu, domin ta jingina ɗorewar mutum ga rai. Amma ba ta ba ka abin da ka buɗe zaure da shi ba, domin duk da haka Gazali bai yarda a yi sakamako cikakke ba tare da jiki ba.

Malamin Jami'a:
A nan ne nake ganin Mulla Sadra na Farisa, malamin ƙarni na 17, ya fi kowa kusantar abin da Hajiya da Malam maɗinki suka shaida. Ya ce rai na jiki ne a farkon samuwarsa, na ruhi ne a wanzuwarsa. Ma'ana ba a ƙera shi a wani wuri aka zuba a jiki ba, daga cikin rayuwar jiki yake tasowa, ta hanyar ci da ji da gani da aiki, har ya kai matsayin da mutuwar nama ba ta rushe shi. Masu wannan ra'ayi suna karanta ayar Suratul Muminun da wannan ido, inda aka jero ɗigon maniyyi da gudan jini da tsoka da ƙashi, sannan aka ce an ƙaga shi wata halitta daban. Malamanmu na Sunna da yawa ba za su bi shi har ƙarshe ba, musamman a yadda ya fassara jikin lahira, kuma hadisin Ibn Mas'ud ya yi maganar busa ruhi ne bayan matakai uku na kwana arba'in-arba'in. Amma ga tambayarka ta wane jikin, amsarsa ita ce ba tarin ƙwayoyin da ke cikinka yau ake nufi ba, rayuwa ɗaya ake nufi wadda ba ta yanke ba tun daga mahaifa, wadda ƙodar da aka dasa ma take shiga cikinta ta zama taka da zarar jininka ya fara ratsa ta.